Tasirin Kusurwar Gwiwa da Nau'in Yunƙuri a Kan Zaburar Tsokokin Cinya: Nazari Daga Ayyukan Yau da Kullum a Ushafa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda lanƙwasar gwiwa da irin yunƙurin da tsoka ke yi suke sauya zaburar tsokokin cinya. An ɗauki sakamakon binciken da masana suka wallafa, aka aza shi a kan tsuguno, sunkuyo, saukar gangare da kaya, da tashi daga ƙasa, kamar yadda ake yin su a Ushafa. Matsayin takardar shi ne, yawan lantarkin da na'ura ke gani a tsoka ba shi ne ma'aunin nauyin da gwiwa ke ɗauka ba, kuma ba a fassara shi daidai sai an haɗa kusurwa da nau'in yunƙuri wuri guda.

1.0 Gabatarwa

Ushafa gari ne a ƙaramar hukumar Bwari ta Babban Birnin Tarayya, kusa da madatsar ruwa ta Usuma, kewaye da duwatsu. Asalin mazaunansa Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. An san garin da cibiyar ginin tukwane da aka kafa a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin shirin Better Life na Maryam Babangida, kuma sunansa ya ƙara fita a watan Agustan 2000 lokacin da shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara can.

Dalilin zaɓen Ushafa a nan shi ne gwiwar mutanenta. Akasarin awon ƙarfin cinya a ɗakunan bincike ana yin sa ne da mutum zaune a kujera, an ɗaure masa cinya da ƙirji, yana miƙe ƙafa tsakanin digiri 90 da sifili. Maginiyar tukunya kuwa, ko manomi mai fartanya, ko mai sallah a zaman tahiya, gwiwarsu na kaiwa digiri 150 ko sama da haka, sau da dama a yini guda. Manufar takardar ita ce ta nuna abin da binciken kujera zai iya faɗa game da waɗannan ayyuka, da kuma inda shawarar da ake ginawa a kansa take kauce wa hanya.

1.1 Keɓaɓɓun kalmomi

A wannan takarda, sifili na nufin gwiwa a miƙe sarai, digiri 90 kuma zaman kujera. Tsokar gaban cinya kawuna huɗu gare ta. Ukun farko, wato faffaɗar waje, faffaɗar ciki da faffaɗar ƙarƙashi, daga ƙashin cinya suke tasowa, gwiwa kaɗai suke ƙetarewa. Su ne littattafan likitanci ke kira bastus. Ta huɗu, miƙaƙƙiyar gaba ko rektus femoris, daga ƙashin ƙugu take tasowa, don haka gaɓa biyu take ƙetarewa. Duka huɗun suna haɗuwa a ƙoƙon gwiwa kafin su kama ƙashin ƙwauri. Tsokokin bayan cinya uku ne, su ma galibinsu gaɓa biyu suke ƙetarewa.

An guji kalmar tsukewa aka ɗauki yunƙuri, domin tsoka na iya aiki tuƙuru alhali tsawonta ƙaruwa yake yi. Yunƙurin riƙo shi ne wanda gaɓa ba ta motsawa. Yunƙurin ja shi ne wanda tsoka ke gajarcewa ta ɗaga nauyi. Yunƙurin birki shi ne wanda nauyi ke rinjayar tsoka, tana miƙuwa tana tare shi a hankali. Zabura kuwa ita ce gwargwadon zaruruwan tsoka da ƙwaƙwalwa ta tasa da kuma saurin saƙon da take aika musu. Da yake Hausa na kiran mai kai saƙo, da mai ɗaukar jini, da mai haɗa tsoka da ƙashi duk da suna jijiya, an keɓe jijiyar saƙo ga ta farko, agara ga ta ƙarshe.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Tushen maganar tsawon tsoka shi ne aikin Gordon, Huxley da Julian na 1966 a kan zaren tsokar kwaɗo. Sun nuna ƙarfin zare yana kaiwa ƙololuwa idan tsawon sakomiya, wato ƙaramin ɗakin da ke samar da ƙarfi, yana tsakanin maikuromita 2.0 da 2.2, yana kuma raguwa idan ta gajarce ko ta miƙe fiye da haka. Kafin su, A. V. Hill a 1938 ya nuna ƙarfin tsoka na raguwa gwargwadon saurin gajarcewarta, Bernard Katz kuma a 1939 ya nuna tsokar da ake miƙarwa tana cikin aiki tana tare nauyin da ya fi wanda take iya riƙewa a tsaye.

Gwajin da ya fi fito da wannan fili a jikin mutum shi ne na Abbott, Bigland da Ritchie a 1952. Sun haɗa kekuna biyu baya da baya da sarƙa ɗaya, mutum ɗaya na tuƙi gaba, ɗayan na tare fedar da ke juyowa baya. Ƙarfin da ƙafafun biyu ke fitarwa ɗaya ne, tunda sarƙar ɗaya ce, amma mai tarewa ya sha iskar oksijin ƙasa ƙwarai da mai tuƙi. Bigland da Lippold a 1954 suka ƙara da cewa lantarkin tsoka ma ya fi ƙasa a yunƙurin birki idan ƙarfin ɗaya ne. Westing, Cresswell da Thorstensson sun sami irin wannan a tsokar gaban cinya a 1991, har a lokacin da mutum ke iya bakin ƙoƙarinsa. Babault da abokan aikinsa a 2001, ta hanyar ƙara wa tsoka ɗan lantarki daga waje don a ga ko akwai ragowar ƙarfin da mutum bai taso ba, sun sami zabura kusan kashi 95 cikin ɗari a yunƙurin riƙo, kusan 90 a ja, kusan 88 a birki.

Game da kusurwa, an daɗe ana riƙe da ra'ayin likitan ƙashi Smillie cewa faffaɗar ciki ce ke da alhakin digiri 15 na ƙarshen miƙe gwiwa. Lieb da Perry a 1968 sun gwada wannan a ƙafafun da aka yanke, suka ga kowane kai na iya miƙe gwiwa har ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne waɗannan digiri na ƙarshe suna buƙatar ƙarin ƙarfi kusan kashi 60 cikin ɗari daga tsokar gaba ɗayanta. Duk da haka, har yau ana jin tsohon ra'ayin a bakin wasu masu horar da 'yan wasa.

3.0 Hanyar Nazari

Takardar ta nazari ce a kan sakamakon da aka riga aka wallafa, ba ta gabatar da sabon awo ba. An rarrabe kowane aiki da tambayoyi uku: kusurwar da gwiwa take, nau'in yunƙurin tsokar gaban cinya da ta baya, da kuma ko tafin ƙafa na dafe da ƙasa ko yana sake. Daga nan aka nemi binciken da yanayinsa ya fi kusa da wannan aiki.

An fifita binciken da ya bi ƙa'idojin SENIAM na 2000 wajen manna na'urar EMG, mai auna lantarkin tsoka ta saman fata, inda ake barin tazarar milimita 20 tsakanin manne biyu. An yi la'akari da cewa idan gwiwa ta lanƙwashe, tsoka na zamewa a ƙarƙashin fata, don haka mannen da ke kan wani sashe a digiri 30 ba lalle yana kan wannan sashen a digiri 120 ba. Saboda haka ba a ɗauki ƙaramin bambanci tsakanin kusurwa da kusurwa a matsayin hujja ba.

4.0 Nazari

4.1 Kusurwa ɗaya, nauyi biyu

Ƙarfin miƙe gwiwa ya fi yawa a wajen digiri 60 zuwa 70, yana raguwa sosai kusa da sifili, inda zaruruwan suka gajarce. Amma sanin ƙarfin da tsoka ke iyawa rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne nauyin da ke neman lanƙwasa gwiwar, wanda ya dogara da tazararsa daga tsakiyar gaɓar.

Idan mutum na zaune a bakin gado da jakar yashi a idon sawu, nauyin ba ya da wani tasiri a digiri 90 domin ƙwauri na rataye ne. Yana tsananta ne yayin da ƙafar ke miƙewa, wato daidai inda tsokar ta fi rauni. Idan kuma tsaye yake yana saukowa tsuguno, lamarin juyawa yake yi: a sifili cinya kusan hutawa take, nauyin na ƙaruwa da lanƙwasa, zabura na hawa har wajen digiri 80 zuwa 90. Steinkamp da abokan aikinsa a 1993 sun nuna matsin da ke bayan ƙoƙon gwiwa ya fi sauƙi da ƙafa dafe idan lanƙwasar ba ta kai wajen digiri 45 ba, ya kuma fi sauƙi da ƙafa sake idan ta wuce nan. Escamilla da abokansa a 1998 sun ƙara da cewa ƙafa sake ta fi zaburar da miƙaƙƙiyar gaba, ƙafa dafe ta fi zaburar da faffaɗun, tsuguno kuma na tasar da tsokokin baya kusan ninki biyu na abin da miƙe ƙafa a zaune ke yi. Don haka faɗin "digiri 30" kawai ba ya isar da komai sai an ce a tsaye ne ko a zaune.

4.2 Tsuguno: zama daban, hanyar zuwa daban

Lambobin Reilly da Martens na 1972 su ne aka fi maimaitawa: matsin bayan ƙoƙon gwiwa kusan rabin nauyin jiki ne a tafiya, fiye da ninki 3 a hawan bene, fiye da ninki 7 a lanƙwasa mai zurfi. Daga irin wannan aka samo shawarar da mai ciwon gwiwa ke yawan ji, cewa ya daina tsuguno kwata-kwata.

Sai dai tsuguno kala biyu ne. A dubi mace da ke tsince tsakuwa daga busasshen yumɓu kafin a jiƙa shi. Dugaduganta a ƙasa, bayan cinyarta ya kwanta a kan sharaɓa, hammatarta kusan a kan gwiwa, hannu biyu na aiki tsakanin ƙafafu. Tana iya daɗewa a haka tana hira. Zelle da abokan aikinsa a 2007 sun auna matsin da ke tsakanin cinya da sharaɓa a irin wannan zama, suka sami kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin jiki a ƙafa guda. Wannan kaso ne da nama ke miƙa wa nama kai tsaye, ba tare da tsokar gaba ta riƙe shi ba. Lissafin da bai sa wannan dafawa a ciki ba yana kambama nauyin da ke kan gwiwa a ƙarshen lanƙwasa.

Wahalar tana tsakiyar hanya. Wadda ta tsaya a rabin tsuguno, a ce digiri 70 zuwa 100, tana gyara itace a jikin tukwanen da za a gasa, ba ta da dafawar sharaɓa, nauyinta kuma ya yi nisa da gwiwa. Yunƙurin riƙo ne a kusurwar da ta fi kowace matsi. Tsokar da ke riƙo da ƙarfi tana matse hanyoyin jininta da kanta, shi ya sa cinya ke fara rawa cikin ɗan lokaci. Haka ma tashi: dole a ratsa wannan yankin da yunƙurin ja, wanda shi ne mafi raunin ukun. Dattijon da ke dafa ƙasa ko gwiwa da hannu kafin ya miƙe daga sujada yana rage wa tsokar gaba aiki ne a daidai wannan mashiga.

Wannan ba ya wanke tsuguno gaba ɗaya. Binciken amosanin gaɓɓai na Beijing, wanda Zhang da abokansa suka wallafa a 2004, ya sami alaƙa tsakanin daɗewa a tsugune tun ana matashi da lalacewar guringuntsin gwiwa a tsufa. A ɗaya ɓangaren, Raichlen da abokansa a 2020 sun nuna mutanen Hadza na Tanzaniya suna shafe kusan awa 10 a yini ba sa tafiya, amma tsuguno da durƙuson da suke hutawa da su sun fi zaman kujera tasar da tsokar ƙafa. Sakamakon biyu ba su ci karo ba: ɗaya guringuntsi ya duba, ɗaya tsoka.

4.3 Sunkuyo

A ginin gargajiya na Gbagyi, wanda maginiya Ladi Kwali ta shahara da shi, tukunya ba ta juyawa. Maginiya ce ke zagaya ta a sunkuye tana jan bangon yumɓun sama. Gwiwa ɗan lanƙwasa kaɗan take yi, ƙugu ne ke ninkewa. Tunda ƙirji ya yi gaba, nauyin jiki na faɗawa kusa da gwiwa ko gabanta, sai aikin ya koma kan tsokokin bayan cinya da na ɗuwawu, waɗanda ke riƙo a miƙe. Miƙaƙƙiyar gaba kuwa ta gajarce ta kai biyu, ƙugu a ninke gwiwa a miƙe, ba ta da wani ƙarfin kirki a wannan yanayi. Manomi mai fartanya ma haka. Wanda gwiwa ke damunsa yakan koma sunkuyo ba tare da an koya masa ba, sai dai abin da gwiwa ta huta da shi baya ne ke biya.

4.4 Gangare: inda na'ura ke yin ƙasa, nauyi ke yin sama

Nan ne nau'in yunƙuri ya fi muhimmanci. Matan Gbagyi an san su da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon kai. A ɗauki wadda ke saukowa daga tudu da itace: tana jefa ƙafa gaba, diddige ya taɓa ƙasa gwiwa kusan a miƙe, sai gwiwar ta shiga lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyinta da na kayan, tsokar gaba na miƙuwa tana tarewa, har ɗayar ƙafar ta sami wurin taku. Kowane taku birki ne. Idan ƙasar tsakuwa ce mai santsi, tsokokin baya ma na shigowa su ɗaure gaɓar, abin da ke ƙara matsi a cikinta.

Mai hawa yana haki, zuciyarsa na bugawa, ya san yana aiki. Mai sauka ba ya haki. Awon Margaria ya nuna kuzarin da birki ke ci a gangare mai tsanani kusan kashi ɗaya bisa biyar ne na wanda hawa ke ci. Na'urar EMG ma lantarki kaɗan za ta nuna. Duk wanda ya karanta waɗannan alamu biyu kawai zai ce sauka hutu ce. Amma dalilin ƙarancin lantarkin shi ne zaruruwa kaɗan ne aka tasa, kowannensu kuma yana ɗaukar kaso mafi girma na nauyin, yana kuma ɗaukarsa ne ana miƙar da shi. Binciken Fridén a farkon shekarun 1980, ta hanyar duba ɗan yankin tsoka a madubin likita, ya nuna wargajewar layukan sakomiya bayan irin wannan aiki.

Wannan ne tushen tsamin jiki da ke tasowa bayan kwana ɗaya, ya tsananta tsakanin awa 24 da 72. Ba taruwar sinadarin laktik ba ne kamar yadda ake yawan faɗa, domin shi yana gushewa cikin awa ɗaya ko biyu da gama aiki. Baƙon da ya zo daga cikin Abuja ya hau dutse ranar Asabar, ranar Litinin yana saukar bene yana dafa bango; 'yar garin da ke bin hanyar kullum ba ta jin komai. Bambancin ba na juriya kawai ba ne: tsokar da ta sha birki sau ɗaya tana samun kariya daga irinsa na tsawon makonni. Kariyar kuwa tana dusashewa idan aka daina, abin da ya kamata a tuna game da wadda ta kwanta jinya ko jego sannan ta koma hanyar tudu da cikakken kaya.

4.5 Kumburi da abin da ake faɗa wa mai jinya

Akwai kuma lokacin da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo amma gwiwa ta tare shi. Spencer, Hayes da Alexander a 1984 sun ɗura ruwan gishiri a lafiyayyar gwiwa, suka ga mililita 20 zuwa 30 sun isa su rage amsawar faffaɗar ciki, faffaɗar waje da miƙaƙƙiyar gaba kuma sai an kai 50 zuwa 60. Adadin farko bai fi cokali biyu na cin abinci ba. Shi ya sa cinya ke ramewa da sauri bayan targaɗe ko ɗori, ko da mutum na ƙoƙarin motsa ta. Mai jinya yakan ce, "Likita, gwiwar ce ke saki na." Idan aka bi diddigi, sau da yawa a sauka take sakin, domin a nan ne ake buƙatar birki, birkin kuma shi ne ya riga ya fi ƙarancin zabura tun kafin kumburi ya zo.

Ga likitocin fisiyo, waɗanda jama'a ke kira masu gashi, da ma maɗoran gargajiya da mutane ke fara zuwa wurinsu, abin da ya biyo baya a aikace shi ne a fara da rage kumburi kafin a nemi ƙarfi. Atisayen ƙafa dafe a tsaya da shi tsakanin sifili da digiri 45 da farko, na ƙafa sake kuma tsakanin 90 da 45. A gwada mai jinya da sauka daga ɗan tudu ko bulo ɗaya a hankali, ba da miƙe ƙafa a kan gado kaɗai ba, domin wanda ya ci gwajin gado na iya faɗuwa a gangaren bayan gidansa.

Umarnin "daina tsuguno" kuwa bai dace da gidan da murhu, banɗaki da wurin sana'a duk a ƙasa suke ba. Mai jinya zai amsa da "to" ne ya koma ya ci gaba. Wanda za a iya bi shi ne irin wannan: "Inna, in za ki tsuguna ki sauka gaba ɗaya, kada ki tsaya a rabi. In za ki tashi ki kama turmi ko bango. Aikin da zai daɗe, a sa miki kujera 'yar tsuguno. In kin koma ɗebo itace, ki fara da rabin kaya na mako biyu, ki riƙa gajarta taku a gangare." Gajarta taku yana rage zurfin lanƙwasar da gwiwa ke yi a ƙarƙashin nauyi, bin gangare a karkace kuma yana rage tsananinsa a kowane taku.